Neman shawara: yaya zan ƙiyasta kabon ɗin da gonar zaitun ke zuƙa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina binciken digiri na biyu a kan wata gonar zaitun da ake yi wa ban ruwa na ɗigo. Ana so in ƙiyasta yawan kabon ɗin da kowace hekta ke zuƙa daga iska a shekara. Hasumiyar nan mai auna shige da ficen iska ta fi ƙarfin aljihunmu, mai gonar kuma ba zai yarda a sare ko bishiya ɗaya ba. Don Allah ta ina zan fara?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam Malama. Tef ɗin awo ya ishe ki farawa. Ki auna kaurin gindi da tsayi da faɗin kan bishiya, sai ki nemi lissafin da aka tsara wa zaitun musamman don fitar da busasshen nauyi. Kada ki ari na itatuwan daji, domin zaitun kullum cikin rage masa rassa ake, kaurin gindinsa ba ya nuna girman kansa. Kabon kusan rabin busasshen nauyi ne, IPCC, wato kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, na ninka nauyin da 0.47. Idan a kabon dayoksaid ake son adadin, ki ninka da 3.67. Baɗi ki sake awon, bambancin shi ne ƙarin.

Amsa ta biyu: 'Yar uwa, ki fara tambayar malaminki: abin da gona ta zuƙa yake so, ko abin da ya zauna a cikinta? A nan mutane da yawa ke kumbura adadi, kuma abin yana damuna. 'Ya'yan da aka girbe sun bar gonar, a matse mai a ci, kabon ɗin ya koma iska. Rassan da aka yanke, in an ƙone su sun tafi; in an daddatsa an baza tsakanin layuka, wani kaso zai shiga ƙasa. Ki auna kowanne daban, bayan kin busar da samfuri a tanda har nauyinsa ya daina raguwa. Sannan zaitun bana ya yi 'ya'ya jingim, baɗi ya ja baya, don haka awon shekara ɗaya zai yaudare ki.

Mai tambaya: Na gode Malam. To ƙasar fa?

Amsa ta uku: Ki ɗebi samfuri zuwa zurfin santimita 30, amma ba a wuri ɗaya ba. Inda ruwa ke ɗiga saiwoyi sun fi yawa, ruɓewa ma ta fi sauri, saboda haka ki ɗeba a nan, ki ɗeba ƙarƙashin inuwa, ki ɗeba tsakanin layuka. Gonakin zaitun da dama a yankin Bahar Rum na kan farar ƙasa ne, wadda ke da nata kabon na dutse. Ki gaya wa ɗakin gwaji su cire shi da asid kafin awo. Kuma in ribar gonar ga yanayi za ki rubuta, sai kin debe hayaƙin injin ban ruwa da iskar da takin zamani ke fitarwa.