Wasiƙar da 'yata ta rubuta wa Santa, ana amsawa kuwa?

Maman Biyu:
Barkanmu da warhaka, 'yan'uwa. Wannan ne hunturunmu na farko a Kanada. Jiya 'yata mai shekara shida ta dawo daga makaranta riƙe da takarda, wai wasiƙar Santa ce ta Kirsimeti, wato tsohon nan da ake faɗa wa yara shi ke kawo musu kyauta. Ta roƙi jan keke, sannan ta roƙar wa ƙaninta safar hannu, don ta ga yadda yatsunsa ke ƙandarewa da safe. Wannan roƙo na biyu sai da ya sa ni ƙwalla. Tun asuba take damuna mu je mu jefa a akwatin gidan waya. Don Allah da gaske ana amsawa? Ba na so in sa mata rai, ta yi ta leƙen akwati a banza.

Baban Yara:
'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, ana amsawa. Nawa uku duk sun taɓa samu. A bayan ambulan ki rubuta Santa Claus, North Pole, H0H 0H0, Canada. In daga cikin ƙasar aka aika, ko kan sarki ba a buƙata. Ma'aikatan Canada Post, wato gidan wayar Kanada, da waɗanda suka yi ritaya ne ke ba da lokacinsu kyauta suna amsawa, kuma tun 1982 ake yin haka a faɗin ƙasar. Wasiƙun sukan haura miliyan ɗaya a shekara, shi ya sa nake jefawa kafin Disamba ta kama. Kada ki manta da adireshin gidanku. Shekarar farko na manta, babbar tawa ta yi mako biyu tana jira, har yau abin na damuna. Amma fa ki sani, wasiƙa ce za ta dawo, ba keke ba.

Goggon Yara:
Mu nan Amurka tsarin ya sha bamban. Sunansa Operation Santa, ya faro a 1912 lokacin da shugaban gidan waya Frank Hitchcock ya ba da izinin a riƙa amsa irin waɗannan wasiƙu. Ana aikawa 123 Elf Road, North Pole, 88888, da kan sarki. Sai su goge adireshi da duk abin da zai nuna ko wane yaro ne, su ɗora a intanet, masu hali su zaɓa su sayi kyautar. Ba kowace wasiƙa ake ɗauka ba. Don haka, ƙanwata, ni ban taɓa yi wa yaro alƙawarin abin da ba ya hannuna ba. Safar hannun nan dai ki saya, ki bar ta ta miƙa wa ƙanin da kanta.

Maman Biyu:
Na gode Yaya, na gode Goggo, Allah ya saka da alheri. Na faɗa mata amsa ce za ta zo, ta ce to a ƙara da tambayar ko shi ma Santa sanyi na damunsa. Mun rubuta adireshin, gobe a hanyar makaranta za mu jefa.