Wane suna za mu raɗa wa "phrasal verb" da Hausa?

1/ Jiya a lesin yamma na rubuta wa 'yan WAEC "the tyre gave off thick smoke". Wata yarinya ta ɗaga hannu: "Malam, taya ta ba da kashe hayaƙi ke nan?" Aji ya kwashe da dariya. Ba laifinta ba ne, "off" ɗin jikin makunnin lantarki ta sani. Na so in ce mata irin wannan aikatau na Turanci mai tafe da 'yar ƙaramar kalma a bayansa, wato "phrasal verb", sunansa kaza da Hausa, sai na ga ba ni da sunan.

2/ Abin da ke rikita yara shi ne ɗan guntun da ke bin aikatau a baya. "Give" bayarwa ce, amma "give off" tashin wari ko hayaƙi ne. "Die" mutuwa, "die down" kuwa lafawar hayaniya. "Go off" ya fi kowa rainin hankali: bam ya tashi, ƙararrawa ta kaɗa, madara ta lalace, wuta ta ɗauke, duk shi kaɗai.

3/ Mu a ƙarshen kalma muke wannan aiki: fita, fito, fitar. A fagen hanci kuma ba mu da buƙatar ciko. Tuwo ya kama, ƙauri. Kifi ɗanye, ƙarni. Bayan katangar tasha, zarni. Bature sai ya haɗa kalma huɗu kafin ya kai inda "ƙauri" ta kai.

4/ Wani malamin Hausa ya ce min "harɗaɗɗen aikatau", bisa tsarin harɗaɗɗen suna. Allah ya gafarta malam, ban gamsu ba. Harɗaɗɗen suna irin faɗi-ka-mutu ba ya rabuwa, alhali ana cewa "put out the fire", a kuma ce "put the fire out".

5/ Wata ta kawo "aikatau mai wutsiya". Ya yi daɗi a baki, sai dai ita ma wutsiya a manne take.

6/ Ni dai na tsaya kan AIKATAU MAI GOYO. Goyo ana sauke shi a ajiye can gefe, bai fasa zama ɗan uwarsa ba. Wani kuma, kamar "die down", ƙiwa gare shi, ba ya yarda a sauke shi. Duk wadda ta taɓa goyo ta san ɗan bayan nan ne ke juya ta.

7/ Litinin zan rubuta shi a allo in ga yadda zai zauna a bakin yara. Malaman nahawu na Bayero da Ɗanfodiyo, in akwai sunan da kuka riga kuka sa masa, ku sanar da ni kafin nan.