Yurofiyam ya yi yawa a gishirin bariyam: daga gishirin ne ko daga na'ura?

Habu:
Salamu alaikum malamai. A Damagaram nake shirya samfurin gishirin bariyam, BaCl2, mai tsarki, ana auna mini shi da ICP-MS, na'urar da ke tantance sinadarai ta nauyinsu. Sauran lantanayid, wato dangin sinadaran da yurofiyam ke ciki, duk suna ƙasa ƙwarai, yurofiyam kaɗai ke tashi. Mene ne dalili, kuma yaya zan raba lantanayid da bariyam kafin awo?

Malam Sani:
Wa alaikumus salam. Malam Habu, bariyam ɗinka kake aunawa. A cikin wutar na'urar yana haɗuwa da iskar oksijin: bariyam mai nauyi 135 da oksijin mai 16 su ba da 151, 137 da 16 su ba da 153, daidai nauyin nau'o'in yurofiyam biyu. Raba adadin 151 da na 153. Yurofiyam na gaske yana ba da kusan 0.92, na bariyam kusan 0.59. Sirkawa da ruwa ba ta magani, sai an fitar da bariyam.

Hajiya Rabi:
Haka ne. Narka giram 1 a ruwa mililita 50, ka zuba ƙarfe Fe3+ miligiram 2, ka ɗiga amoniya har pH ya kai 8 zuwa 9. Jan laka zai kwanta, ya ja lantanayid, bariyam ya tsaya a ruwa. Juya a santirifuj, wanke lakar, narka ta da HCl, ka maimaita. Amoniyar ta zama sabuwa. Tsohuwar amoniya ta sha iska, tana kwantar da BaCO3 tare da lakar, aiki ya koma baya. Kada asid salfurik ya kusanci wurin, BaSO4 zai kwashe abin da kake nema.

Sauran bariyam kuma rezin AG 50W-X8, garin da ake cika bututu da shi don ya riƙe sinadarai, ke cire shi: HCl mola 2 ya wanke ƙarfe, HNO3 mola 2 ya fitar da bariyam, HNO3 mola 6 ya sauko da lantanayid. Gwada bututun da ma'aunin da ka san adadinsa tukuna, don lantanam ne ke fita a ƙarshe, shi ake yawan bari a ciki.

Malam Sani:
Ƙari kan na Hajiya: ƙarfen kansa yana iya ɗauke da lantanayid, don haka ka bi da samfurin fanko, wanda ba a sa gishirin a ciki ba, ta duk matakan nan. Kwalaben roba na PFA, ba gilashi ba. Lokacin hunturu kuma ƙura tana cike da siriyam da lantanam. In fanko ya tashi, fara duba murfi da taga. Indiyam 115 ya isa ma'aunin ciki, wato abin da ake zubawa a kowane samfuri don daidaita awon na'ura.