Musun ƙwallo zai iya koya wa mutum Turanci?

Mai neman kiredit, Zariya:

Assalamu alaikum, malamaina da yayyena. Shekara biyu ke nan da na gama sakandare, kuma sau biyu ina zama jarrabawar WAEC amma Turanci kaɗai ne yake tsayar da ni. A karon farko na samu E8, a na biyu D7, alhali kowa ya san cewa mai neman gurbi a jami'a ba ya tsira da abin da ya gaza C6. Ban ɗora wa kowa laifi ba, domin duk ranar da na buɗe littafin nahawu ba na wuce shafi biyu barci ya yi awon gaba da ni.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ranar Asabar da Lahadi ina iya zama a gidan kallo tun daga wasan farko na gasar Firimiya har zuwa na ƙarshe, Bature mai sharhi yana zuba zance, kuma ina fahimtar mafi yawan abin da yake faɗa ba tare da na yi hamma ko sau ɗaya ba. Idan an tashi sai mu koma teburin mai shayi mu ɗora musu har dare ya raba. Wani abokina ya ba da shawarar mu riƙa yin musun nan da Turanci, tunda dai ba za mu daina shi ba. Mun gwada sau uku, kuma duk ukun da dariya aka tashi, domin da zarar gardama ta yi zafi kowa sai ya koma Hausa. Tambayata ita ce, shin wannan hanya ce ta gaskiya wadda za ta iya kai ni ga kiredit, ko kuwa dabara ce kawai da zuciya ta kawo mini don in ci gaba da kallon ƙwallo ina kiransa karatu? Sannan yaya mutum zai riƙe himmar karatu idan ya riga ya faɗi sau biyu?

Malamin Turanci, Kano:

Wa alaikumus salam, ɗana. Shawarar abokinka ba wasa ba ce, kuma zan faɗa maka dalili daga abin da nake gani a aji. Babbar matsalar yaranmu ba rashin sanin ƙa'ida ba ce, rashin abin faɗa ne. Idan na ce ɗalibi ya yi magana a kan amfanin itatuwa, sai ya tsaya yana kallon rufin aji, amma idan na ce Ronaldo ya fi Messi, nan take hannaye goma za su tashi, kowa yana da hujja: wannan ya ce Messi yana da kyautar gwarzon ɗan ƙwallo ta Ballon d'Or 8 Ronaldo 5, wancan ya ce Ronaldo ya ɗauki kofin zakarun Turai sau 5, na uku ya rufe da kofin duniya da Messi ya ɗauka a 2022 a Katar. Wanda yake da ra'ayi, da hujja, da abokin hamayyar da yake son kayarwa, ya riga ya mallaki rabin insha'i. Abin da ya rage shi ne harshen da zai zuba su a ciki.

Ka lura da kalmar "ci" a Hausa, domin a nan ne nake fara kama masu musun ƙwallo. Mu muna cewa Arsenal ta ci Chelsea, ta ci kofi, ɗan wasa ya ci ƙwallo, ɗalibi ya ci jarrabawa, duk da kalma guda. Turanci kuwa ya raba su huɗu: abokin karawa ana yi masa "beat", kofi da wasa ana yi musu "win", ƙwallo "score", jarrabawa "pass". Shi ya sa za ka ji yaro ya ce "Arsenal won Chelsea", kuma wannan kuskuren da kansa yakan biyo shi har cikin takardar jarrabawa. Haka nan Hausa ba ta da wakilin suna na abin da ba namiji ba ba mace ba, komai a wurinmu ko "shi" ne ko "ita", don haka ƙungiya takan zama "she" a bakin Bahaushe, alhali Baturen Ingila "they" yake ce mata. Wanda aka gyara masa waɗannan a tsakiyar gardama, abokai suna yi masa dariya, ba ya sake mantawa, wanda kuwa ya karanta su a littafi yana gyangyaɗi ba zai kai gobe da su ba.

Abu na biyu shi ne lokutan aikatau. Ka ba abokanka labarin wasan Najeriya da Brazil a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, yadda ake cin mu 3 da 1, Ikpeba ya rage, Kanu ya farke ana dab da tashi, sannan ya ci ƙwallon da ta kai mu wasan ƙarshe inda muka doke Ajantina 3 da 2. Ba za ka iya ba da wannan labari da Turanci ba sai ka riƙe shuɗaɗɗen lokaci daga farko har ƙarshe, kuma wannan shi ne abin da ake nema a wurin mai rubuta labari a jarrabawa. Jimlar da ta fi wahalar da ɗalibaina kuwa ita ce ta "da a ce", wadda mai kallon ƙwallo yake furtawa sau ashirin a wasa ɗaya: da ya ba da ƙwallon nan da mun ci. Da Turanci ita ce "If he had passed the ball, we would have scored." Ka haddace ƙirar wannan jimla guda, ka riƙa canja mata kaya kawai.

Dalilin da ya sa gwajinku ya watse shi ne ba ku sa masa doka ba. Ku yanke minti ashirin kacal, ku zaɓi batu ɗaya tun kafin a zauna, kowa ya samu minti biyu ba a katse shi, sannan ku naɗa alƙali wanda ya fi ku Turanci ko da kaɗan ne, ya riƙe takarda yana rubuta kurakurai ba tare da ya tsayar da mai magana ba. Wanda ya zame ya koma Hausa shi zai biya kuɗin shayi. Bayan minti ashirin ku koma Hausarku ku yi ihunku yadda kuka saba.

Tsohon ɗan kallo, Kaduna:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, kuma ina neman afuwarsa domin zan ɗan saɓa masa. Ƙanena, na shafe shekaru a gidajen kallo tun lokacin da Kanu yake Arsenal, na ga ranar da ya zuba wa Chelsea uku a 1999 bayan ana cin su 2 da nema, na ga kakar 2003 zuwa 2004 da suka buga wasa 38 ba a doke su ba. Da kallo yana koyar da Turanci, da mu da muka cika bencinan nan mun zama farfesoshi. Abin da muka tashi da shi kalmomi ne da ba su wuce a ƙirga ba, sai kuma buroka da muka tsinta daga abokan zama.

Ka saurari mai sharhi da kyau ka ji. Yawancin abin da yake faɗa yayin da ake taka leda ba cikakkiyar jimla ba ce, sunayen 'yan wasa ne yake jerowa da guntayen kalmomi, kuma kai kana gane shi ne saboda idonka yana ganin abin da ke faruwa. Ka juya wa talabijin baya na minti biyar ka ga ko nawa za ka kama. Ita kuwa jarrabawar da kake fuskanta tana neman insha'i na kalma 450, da karanta dogon rubutu a amsa tambayoyi a kansa, da taƙaita wani rubutun cikin 'yan jimloli, kuma batun yana iya zama noma ko lafiya ko shari'a ko harkar banki. Satar gida da bugun fenariti ba za su cece ka a nan ba. Akwai kuma lissafin lokaci wanda ba a son faɗa: wasa uku a yini, kowanne minti 90 ban da hutu, sun cinye maka kusan sa'a shida, sannan ka ce za ka biya bashin da musun minti ashirin. Tsorona shi ne abin da ka faɗa da bakinka, wato zuciya ta samo wa kallo sunan kirki.

Malamin Turanci, Kano:

Yallaɓai, babu saɓani tsakaninmu a kan sharhin cikin wasa, gaskiya ka faɗa. Ni musu na yaba, ban yaba kallo ba, kuma na yi kuskure da ban ƙarasa maganar ba. Musun da bai koma rubutu ba iska ce ke kwashe shi. Ɗana, duk batun da kuka yi gardama a kansa da dare, ka wayi gari ka rubuta shi cikin sakin layi huɗu ko biyar: matsayinka, hujja ta farko, ta biyu, abin da abokin hamayya ya ce da amsar da ka ba shi. Wannan ƙira ita ce ta tambayar muhawara da takan fito a takardar insha'i, kuma masu duba takarda suna raba maki ne tsakanin abin da ka faɗa, da tsarinsa, da iya furuci, da tsabtar rubutu ta fuskar harafi da alamomin tsayawa. Musu yana ba ka biyun farko, biyun ƙarshe kuwa sai alƙalami da mai gyara. Maimakon sharhin baki, ka riƙa karanta rahoton wasa da ake rubutawa a jaridun Turanci bayan an tashi, domin shi cikakkun jimloli ne, kuma tunda ka riga ka san abin da ya faru ba za ka riƙa tsayawa neman ƙamus a kowane layi ba.

Yayarku daga Katsina:

Ina gaida Malam da babban yayanmu na Kaduna. Ƙanena, ni zan taɓa tambayarka ta biyu, wadda aka ɗan bari a baya. Ban taɓa shiga gidan kallo ba, amma a tsakar gida na koyi buɗe baki da Turanci, ta hanyar gardama da ƙannena maza biyu da suka rabu tsakanin Kano Pillars da wata ƙungiyar Turai. Ɗayan kullum hujjarsa ita ce Pillars ta ɗauki gasar Najeriya sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, ni kuwa ban damu da wanda ya fi ba, abin da nake so shi ne kada yaran nan su rufe mini baki. Daga baya na lura cewa batun ƙwallo ya ƙare mini, sai na riƙa jawo su zuwa wasu batutuwan: makarantar kwana ko ta jeka-ka-dawo, waya a hannun ɗalibi gyara ce ko ɓarna, sana'a ko digiri. Wannan ita ce amsata ga damuwar yayanmu game da ƙarancin kalmomi. Ƙwallo ƙofa ce kawai, kuma akwai batutuwan da suke tsakiya, kamar kuɗin da ake biyan 'yan wasa, ko dacewar na'urar da ke taimaka wa alƙalin wasa, ko raunin gwiwa da jinyarsa, waɗanda za su tilasta maka neman kalmomin kuɗi da na shari'a da na asibiti ba tare da ka bar abin da kake so ba.

Game da himma, abin da na gani a kaina shi ne ba ta zuwa kafin aiki, sai dai ta biyo bayan ƙaramar nasara. Na daina jiran ranar da zan ji sha'awar karatu, na sa wa kaina minti talatin bayan sallar asuba, kuma na ajiye littafi guda da nake rubuta kurakuraina kawai. Ranar da na buɗe shafukan farko na ga abubuwan da a da suke kayar da ni sun zama abin dariya, ranar ce na yarda cewa ina gaba. Kai ma kana da irin wannan shaida a hannunka, domin daga E8 zuwa D7 hawa ne, mataki ɗaya ya rage.

Kada kuma ka manta da takardar furuci. Harshenmu bai bambanta "p" da "f" ba, shi ya sa muka mayar da bugun nan fenariti, kuma "pull" da "full" sukan zama abu ɗaya a bakinmu, haka "v" takan koma "b". Ka ɗauki muryarka a waya lokacin da kake minti biyunka na musu, ka saurara kai kaɗai. Da ɗaci a karon farko, amma kunnenka zai kama abin da bakinka ya kasa ji.

Mai neman kiredit, Zariya:

Allah ya saka da alheri, Malam, da yayana, da Yaya. Na gwada abin da yayana na Kaduna ya ce, na juya wa talabijin baya, kuma gaskiya ban kama rabin abin da nake zaton ina ji ba, don haka na rage kallo zuwa wasa ɗaya a mako. Mun samu wani ɗalibin kwalejin ilimi a unguwarmu da ya yarda ya zama alƙali, kuma batunmu na ranar Asabar shi ne ko ƙwallaye biyun da Ahmed Musa ya ci Iceland a 2018 sun fi biyun da ya ci Ajantina a 2014 daraja. Ni ina ɓangaren na 2018, tunda su ne suka ba mu nasara a wasan, na 2014 kuwa an ci mu 3 da 2. Malam, idan na rubuta sakin layina ranar Lahadi, shin in fara da hujjar da ta fi ƙarfi ne, ko in ajiye ta sai a ƙarshe?