Abin da aka tattauna kan haɗa takardu da Python

Na tattara abin da jama'a suka faɗa kan kayan aikin da suka fi dacewa wajen ƙirƙirar takardar Word ko PDF da Python, harshen rubuta manhaja:

1. In takardar Word ake so, kusan kowa ya ce python-docx, laburaren Python na rubuta takardun Word. Amma ba ta fitar da PDF da kanta, sai an bi ta wata manhajar ofis kamar LibreOffice.

2. A fara tsara takarda a Word, a bar gurabe, sai laburaren docxtpl ya cike su. Wannan ya fi sauƙi, ni ma na yarda.

3. An rabu kan PDF. Wasu suka zaɓi laburaren ReportLab, don kai ke sa kowane abu inda kake so. Wasu suka ce wahala ce, Pandoc, manhajar sauya nau'in takarda, ta isa, ko da yake yawanci sai an girka LaTeX, manhajar tsara rubutu mai cin wuri a kwamfuta.

4. Helvetica, salon haruffan (font) da ReportLab ke farawa da shi, ba ta da ƙ, ɗ, ɓ. A saka salon DejaVu Sans a madadinta.