Kafaɗata ta hana ni barci, hoto kuma ya ce ƙashi lafiya

Baban Sadiya:
Assalamu alaikum. Sana'ata fenti, yawanci silin nake yi, hannu a sama wuni guda. Tun ƙarshen damina kafaɗata ta dama ke ciwo. Da rana da dama-dama, amma da dare in na juya na danne ta sai na farka. Sa riga ya zama aiki, ɗaga rola sama da kaina kuwa ba dama. Na je wajen mai ɗori, ya ce gocewa ce, ya ja hannun, abin ya ƙaru. An yi hoton ƙashi, aka ce ba komai. Yanzu ƙwayar rage zafi ta diclofenac nake sha kullum kafin in fita. Don Allah me ke damuna? Da hannun nan nake ciyar da gida.

Likitan Gashin Ƙashi:
Wa alaikumus salam, Baba, Allah ya ƙara sauƙi. Akwai tsokoki 4 da jijiyoyinsu (masu haɗa tsoka da ƙashi) suka lulluɓe kan ƙashin dantse, su ke riƙe shi a gurbinsa in ka ɗaga hannu. Ta saman, supraspinatus, tana bi ta wani matsatsin wuri a ƙarƙashin ƙashin saman kafaɗa, ita ce aikin sama ke yawan ci har ta yage. Hoton ƙashi ba ya nuna jijiya, sai sikanin ko hoton na'urar MRI, masu nuna tsoka da jijiya. Gwada wannan: ka saki hannun, ɗanka ya ɗaga maka shi a hankali. In ya kai sama da taimakonsa amma kai kaɗai ka gaza, jijiyar ake zargi. In shi ma ya cije masa, ƙila sandarewar kafaɗa ce, wadda ta fi kama masu ciwon suga. Ka je Asibitin Ƙashi na Dala a duba. A daina jan hannun.

Maman Hanif:
Malam, ni maganar ƙwayar ta fi tsaya mini. Shan ta kullum yana jawo gyambon ciki, yana kuma taɓa ƙoda, balle in ciki ba abinci. Ka nuna wa likita ita.

Direban Zariya:
Sannu yayana. Nawa ma yagewa ce, ba a yi mini aiki ba. Gashin ƙashi aka sa ni, da motsa hannu da wata roba da nake ɗaurewa a marikin ƙofa, gwiwar hannu manne da haƙarƙari. Sai da aka yi watanni kafin barci ya dawo daidai. Likitan ya ce wanda faɗuwa ta yage wa jijiya lokaci ɗaya, hannu ya mutu, shi ake gaggauta yi wa aiki. Ka bar wa yaranka silin tukuna, ka riƙe fentin bango daidai ƙirji.

Baban Sadiya:
Mun gwada, da ya ɗaga mini ya kai sama, da zafi dai. Litinin zan je Dala in sha Allahu. Na gode.