Neman kalma: me za mu kira "monk" na addinin Buddha?

Mai Fassara: Salamu alaikum. Shirin rediyo ne kan bikin Vesak, babban bikin tunawa da Buddha, gobe da hantsi za a naɗa. Masu aske kai ƙwal, masu yafa mayafi ruwan goro a Tailan da Siri Lanka, me za a ce da su?

Malamin Zaure: Ruhubani. Ai tun labarin Bahira muke da kalmar.

Ɗan Damagaram: Allah gafarta Malam, ruhubani na Nasara ne, dubi aya ta 27 a Suratul Hadid. Shi alkawarin har mutuwa yake ɗauka. A Tailan kuwa saurayi kan shiga na wata ukun damina, ya fito ya yi aure.

Hajiya Edita: Da harshen Pali, tsohon harshen littattafan addinin, bhikkhu ne, wato mai rayuwa da sadaka. Dokoki 227 ke kansa a mazhabar Theravada, wadda ake bi a Tailan da Siri Lanka. Da sassafe yake fita da ƙoƙonsa, ba ya cin abinci bayan zawali, an hana shi karɓar kuɗi. Almajiri fa?

Malamin Zaure: Hajiya, mai sauraro yaro da roba zai hango. Shi wannan ba ya bara da baki, tsayawa yake shiru a zuba masa. Sufi ma kada a kawo, za a zaci ɗan ɗarika ne.

Hausa Zalla: Kullum aro! Ga ƙaurace: maƙauraci, maƙauraciya, maƙaurata. Gidansu ma maƙaurata, kamar mahauta, karin sauti ya raba.

Ɗan Damagaram: Wa ya ƙaurace wa? Mutumin da kullum gari ke ciyar da shi, yake musu wa'azi, yake zuwa jana'izarsu?

Hausa Zalla: Ku da kuka cika Hausa da Faransanci za ku yi mana gyara?

Ɗan Damagaram: Mu mun ari "mushe" (monsieur) daga Faransanci, ku kun ari "ofisa" daga Ingilishi. "Addini" ma na kakanka ne?

Hajiya Edita: Ku bari, yarinya na da aiki gobe. Ki ce "ruhubanin Buddha", a ambaton farko ki ƙara jimla guda kan ƙoƙon da dokar zawali.

Mai Fassara: Na gode, Hajiya, haka zan sa. Jam'in fa?

Malamin Zaure: Ruhubanawa.

Hausa Zalla: Na gobe kaɗai na yarda. Maƙauraci na nan.